Cadillac ta asibiti ƙirar 1970 da tsatsa ta cinye: in saya ko in haƙura?

Bakano_Columbus

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kafin ranar Asabar, domin na yi wa wani dattijo alkawarin ba shi amsa a ranar. A bayan gidan gonarsa, kimanin tafiyar sa'a ɗaya da rabi daga Columbus a jihar Ohio, akwai wata doguwar Cadillac ƙirar 1970 wadda kamfanin Miller-Meteor ya gina wa jiki, irin waɗanda a da ake ɗaukar marar lafiya da su yau, gobe kuma a ɗauki gawa. Ya ce rabonta da hawa titi ya kai shekara ashirin. Da muka ɗaura mata batir muka tsiyaya fetur a kafireto, injin ya tashi har ya yi kusan minti ɗaya yana aiki, kuma wannan ne ya ƙara shigar da ita raina. Matsalar ita ce tsatsa. Ƙasan ƙofofinta huɗu ya ruɓe, ta wajen ƙafar direba ana hango ciyawa, rufin kuma ya yi ƙuraje a ƙarƙashin ledar da aka lulluɓe shi da ita. Gilashin gaba ma ya tsage. Ya sa mata dala 4,500, amma na lura zai rage. Ina da gareji a gida, ina ɗan taɓa kanikanci, sai dai ban taɓa riƙe kan walda ba. Shin wannan mota ta cancanci a saya a farfaɗo da ita?

Usta_ƘofarRuwa

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata talatin da ɗoriya ina aikin bodi a Kano, kuma tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini ruɓaɓɓiyar mota ita ce: ka shiga ƙarƙashinta? A bayaninka ka ambaci inji, ka ambaci ƙofa da rufi, amma ba ka ce komai a kan casis ba, alhali shi ne ƙashin bayan motar. Ka koma da jek mai ƙarfi, da tocila, da ƙaramar guduma, da sukundireba. Ka bi ƙarfen casis daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, musamman inda ya lanƙwasa ya haye saman tayoyin baya, da wuraren da aka ɗaure bodi a kansa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubowa. Idan sukundireba ta huda casis ko a wuri ɗaya ne, ka yi wa dattijon godiya ka kama hanyar gida.

Malam_Tarihi

Shawarar Usta tana kan hanya, amma ina so in ƙara abin da ya bambanta wannan mota da sauran Cadillac, domin a nan ne yawancin masu sha'awa ke yin kuskuren lissafi. Kamfanin Cadillac bai taɓa ƙera wannan mota cikakkiya ba. Abin da yake fitarwa shi ne dogon casis da inji da giya, da gaban mota, wato bonet da fuska da wajen sitiyari, tare da fitilun baya, sai ya aika wa kamfanonin da sana'arsu ita ce gina jiki. Mafi yawansu a Ohio suke: Miller-Meteor a garin Piqua, Superior a garin Lima, sai Hess & Eisenhardt masu tambarin S&S a yankin Cincinnati. Akwai kuma Eureka a Rock Falls ta jihar Illinois, wanda ya rufe tun 1964. Daga gilashin gaba zuwa ƙofar baya, galibi aikin waɗannan kamfanoni ne, kuma da yawansa aikin hannu ne.

Abin da wannan ke nufi gare ka, ɗan'uwa, shi ne cewa ɓangaren da ya faranta maka rai, wato injin da ya tashi, shi ne ɓangare mafi sauƙin samu a duk motar. Injin 472 ne, mai lita 7.7, irin wanda ke cikin Cadillac DeVille da Fleetwood na wancan zamani, kuma har yau ana sayar da kayansa. Giyarsa Turbo-Hydramatic 400 ce, wadda kusan kowane tsohon makaniki a Amurka ya san cikinta. Ɓangaren da ya ruɓe kuwa, ƙofofi da rufi da gefuna, shi ne wanda babu shagon da za ka shiga ka saya. Miller-Meteor ya rufe a 1979. A shekarun nan casis dubu biyu da 'yan ɗaruruwa kacal Cadillac ke fitarwa a shekara, kuma kamfanoni da dama ne ke raba su, kowanne da tasa ƙirar. Ƙofar DeVille ba za ta zauna a motarka ba, ta Superior ma ba za ta zauna ba.

Direban_Tirela_OH

Ni ma a Ohio nake, kuma sana'ata tuƙin babbar mota ce, saboda haka na san abin da gishirin hanya ke yi wa ƙarfe. Waɗanda ke gida ba lallai su fahimci irin tsatsar da ake magana a kai ba. A nan duk lokacin sanyi hukuma na zuba gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuma yana shiga kowane lungu na mota ya zauna. Tsatsar tana farawa ne daga ciki ta fito waje, don haka abin da ido ya gani a ƙasan ƙofa shi ne ƙarshen labari, ba farkonsa ba. Ƙari a kan haka, motar asibiti ba ta hutun sanyi kamar motocin ƙawa da ake kullewa a gareji har bazara. Ranar da ƙanƙara ta fi zuba ita ce ranar da aka fi kiranta. Sannan ta zo ta yi shekara ashirin a kan ciyawa, laima na tasowa daga ƙasa tana dafa ta. Ni dai ban ga abin saye a nan ba.

UmmuHanif

Ku gafarce ni, ni ba ma'abociyar ƙarfe ba ce, amma ina da tambaya ga mai neman shawara. Shin uwargida ta san cewa motar da za a kawo ƙofar gidanta ta yi shekaru tana ɗaukar gawa? Na san mutuwa tana kan kowa, kuma makara ma itace ce kawai, amma ba wanda ke jingine makara a tsakar gidansa don ado. Wannan aiki zai ɗauki shekaru, zai ci kuɗin gida, zai cinye ranakun hutunka. Idan ba da yardarta aka fara ba, tsatsar da za ta dame ka ba ta ƙarfe ba ce.

Malam_Tarihi

Hajiya, tambayarki tana da muhimmanci, kuma tana da nasaba da tarihin motar. A ƙananan garuruwan Amurka, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, masu gidajen shirya jana'iza ne ke gudanar da aikin ɗaukar marasa lafiya, saboda su kaɗai ke da motar da mutum zai iya kwanciya a miƙe a cikinta. Shi ya sa ake ƙera masu aiki biyu: a juya falankin daɓen baya, a ɗaga kujerun masu jinya, a ɗora fitila a rufi, ta zama motar asibiti. Dokar tarayya ta 1973 kan agajin gaggawa da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1974 ne suka mayar da aikin ga manyan motoci masu ɗaki, kuma zuwa 1979 an daina ƙera motar asibiti a kan Cadillac. Saboda haka wannan mota ta kai mata masu naƙuda asibiti kamar yadda ta kai mamata makwanci. Ko wannan zai gamsar da uwargida, shi ne ya san gidansa.

ƊanKakuri504

Ni na yi irin wannan aiki, ko da yake ba a kan Cadillac ba. Shekaru shida da suka wuce na sayi tsohuwar 504 doguwa a gwanjon motocin wani asibiti, wadda ta yi aikin ɗaukar marasa lafiya har ta gaji. Daɓenta na baya ya ruɓe gaba ɗaya, ina jin saboda yawan wanke shi da ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na kai ta Panteka a nan Kaduna, aka yanke, aka lanƙwasa sabon ƙarfe aka liƙa, cikin wata huɗu ta hau titi, kuma har yau da ita nake zuwa ƙauye. Don haka ni ban yarda cewa tsatsa hukuncin kisa ba ce. Duk abin da hannun mutum ya ƙera, hannun mutum zai iya sake ƙera shi. Idan zuciyarka ta kwanta da ita, ka taya dala 2,500 ka gani.

Injiniya_Bello

ƊanKakuri, ina taya ka murna da motarka, amma kwatancen bai zauna ba, kuma ina tsoron kada ya jefa ɗan'uwanmu cikin rami. An haɗa 504 a Kaduna tun daga 1975 har zuwa 2006, ma'ana kana zaune ne a garin da ya fi ko'ina a duniya sanin wannan mota, inda ƙofa da gilashi da bamba ke jibge a kasuwa, kuma ladan mai gyaran bodi na wata guda bai kai abin da takwaransa na Ohio zai karɓa a yini biyu ba. A Amurka da sa'a ake biyan mai aikin bodi, kuma irin wannan gyara ɗaruruwan sa'o'i yake ci kafin a kai ga maganar fenti. Sannan 504 mota ce madaidaiciya. Wannan kuwa tsakanin tayar gaba da ta baya kaɗai inci 156 ne, kusan mita huɗu, tsawonta duka ya haura mita shida, nauyinta ya doshi tan uku. Duk abin da za a yi mata, ko feshin yashi ne ko fenti, ninki ne.

Wannan ma ya kawo ni ga wata tambaya da ban ga an yi ba. Malam Bakano, ka auna garejin naka? Yawancin garejin gidaje a can ba su wuce mita shida da 'yan kai ba, kuma rufin wannan mota ya fi na sauran tsayi. Kada ka biya kuɗi, a jawo ta, ka tarar ƙofar gareji ba ta rufuwa a bayanta.

Bakano_Columbus

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na fita da awo bayan na karanta saƙonka, kuma gaskiyarka ce: sai na fitar da teburin aiki da injin yankan ciyawa kafin ta shiga, kuma ko ta shiga ba za a iya zagaya ta ba. Hajiya UmmuHanif, na gaya wa uwargida motar asibiti ce, ban kai ga ɗaya rabin bayanin ba tukuna, amma na karɓi gyara. Usta, jiya da yamma na koma da guduma kamar yadda ka ce. Casis ɗin ya yi ɓawo sosai, amma bai huje ba sai a wuri ɗaya can baya kusa da inda aka ɗaure bamba, ramin kuma bai fi faɗin yatsu biyu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rufin. Da na ɗaga ledar ta gefen hagu, sai na ga ƙarfen da ke bin saman tagogi ya zama kamar rariya.

Usta_ƘofarRuwa

To, Malam, zan sassauta maganata ta farko, in kuma tsananta wata. Rami a wutsiyar casis, bayan inda nauyi ke sauka, abu ne da mai walda na kirki zai yanke ya dasa sabon ƙarfe, ba zai hana saye ba. Rufin ne ya kashe mini jiki. Daɓe shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne, kuma kafet zai rufe shi, ko ɗan koyo zai iya yin sa. Gefen rufi kuwa a nan ne aka haɗa ƙarfe biyu ko uku aka naɗe su suka zama magudanar ruwa, kuma a tsofaffin motoci da dalma ake shafe irin wannan haɗi. Wurin yana da lanƙwasa ta fuska biyu, yana daidai idon mai kallo, kuma da zarar zafin walda ya yi yawa sai faffaɗan rufin ya murɗe, ba ya kuma komawa daidai. Idan ruwa ya shiga ta nan shekara ashirin, to ya gangara ta cikin ginshiƙan ƙofofi, kuma ina kyautata zaton idan ka buɗe za ka tarar da gindinsu ya tafi. Ka gwada wani abu guda: ka buɗe ƙofar baya ta gefe, ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama. Idan ginshiƙin ya motsa tare da ita, jikin motar ya saki. Wannan ba aikin wanda bai taɓa riƙe walda ba ne, kada wani ya rufe ka.

ƊanDamagaram74

Ni ina da wata shawara dabam. Tun da kuɗin aiki ne matsala a can, me zai hana ya saye ta da araha ya sa ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, a kawo ta Kano ko Damagaram, inda masu hannu irin su Usta za su yi aikin a kan kuɗi kaɗan? Ga shi kuma iskarmu busasshiya ce, tsatsa ba za ta ci gaba ba.

Direban_Tirela_OH

ƊanDamagaram, a baki abin yana da daɗi. Motar da ba ta tafiya da ƙafarta ba a tura ta cikin jirgi kamar sauran, sai an sa ta a kwantena, kuma ƙaramar kwantena mai ƙafa ashirin ba za ta ɗauke ta ba, sai mai ƙafa arba'in. Ga kuɗin jawo ta daga Ohio zuwa tashar ruwa, ga kwastan, ga dokar Najeriya da ta iyakance shekarun motar da za a shigo da ita. Bayan haka kowane kusoshi da roba da kayan birki sai an aiko su daga Amurka. In an gama kuma, wa zai tuƙa inji mai lita 7.7 da farashin fetur na yau? Kuɗin jigilar kaɗai ya isa ya sayi wadda ba ta ruɓe ba daga Arizona ko New Mexico, inda ba a cika zuba gishirin hanya ba. Ita ce ma shawarata: ka tara kuɗinka, ka sayi busasshiyar mota ko da injinta ya mutu, domin inji ana sake shi a mako biyu.

Akawu_Minna

Bari in yi magana da harshen sana'ata. Akwai motocin da idan ka kashe musu kuɗi kasuwa za ta mayar maka, akwai waɗanda ba za ta mayar ba. A cikin wannan dangi, ƙirar 1959 ce ke da tsada ta fitar hankali, saboda dogayen fukafukanta na baya, da kuma fim ɗin Ghostbusters na 1984 wanda aka yi amfani da Miller-Meteor ta 1959 a cikinsa. Ta 1970 ba ta da wannan farin jini. Masu neman irinta 'yan ƙalilan ne, domin ba kowa ke da wurin ajiye ta ba, ba kuma kowa ke son tarihinta ba, kamar yadda Hajiya ta nuna. Idan ka biya wani ya yi maka aikin, abin da za ka kashe zai zarce abin da za a taya ta in an gama, kuma da tazara mai yawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban ce kada ka saya ba, na ce kada ka rubuta ta a shafin jari.

Sannan kafin ko dala ɗaya ta fita daga aljihunka, ka ga takardar mallakar motar da idonka, ka gwada lambar da ke jikinta da ta jikin casis, ka tabbatar sunan dattijon ne a kai. Motar da ta yi shekara ashirin a gona sau da yawa takardarta na hannun wanda ya riga mu gidan gaskiya.

ƊanKakuri504

Na karɓi gyaran Injiniya a kan bambancin Kaduna da Ohio, amma har yanzu ina nan a kan bakana ta wata fuska. Kowa a nan yana lissafi kamar ɗan'uwanmu ya ce zai buɗe wurin sayar da motoci ne. Mutumin nan sha'awa ce ta kai shi gonar. Wani yana kashe dukiya a kan doki da kayan hawan salla, babu wanda ya taɓa tambayarsa ribar da ya ci. Idan ya sayi injin walda irin mai waya, ya shiga ajin yamma a kwalejin unguwarsu, ya fara da daɓe inda kuskure ba ya nunawa, kafin ya kai ga rufi hannunsa ya faɗa. Ko da ya shekara biyar, ya fita da sana'a a hannu da kuma motar da ba don shi ba da ta zama abincin injin niƙa ƙarfe.

Malam_Tarihi

Akwai abu guda da muka tsallake, wato gilashin gaba da ya ce ya tsage. Kada a ɗauke shi ƙaramin abu. Saboda tsayin rufin, gilashin waɗannan motoci ya fi na Cadillac ta gida tsayi, ba kuma ya musanyuwa da shi. Samunsa sai an yi cigiya a tsakanin masu tara irin waɗannan motoci, kuma jigilarsa ba tare da ya fashe ba wani aiki ne mai zaman kansa. Akwai ƙungiya mai suna Professional Car Society da aka kafa a 1976 domin adana motocin asibiti da na jana'iza da dogayen motocin alfarma. Ina ba ka shawarar ka tura musu hotunan rufin da na ginshiƙan kafin Asabar, ka kuma tambaye su batun gilashin. Su ne za su iya gaya maka ko akwai wata irinta da aka farfasa ake sayar da sassanta.

Ina kuma son sanin abin da ya rage a cikinta. Idan jiniya da fitilun rufi da kujerun masu jinya da falankin daɓe da tambarin kamfani suna nan, to ko motar ba ta gyaru ba waɗannan kaya suna da masu nema.

Injiniya_Bello

Wannan batu na ƙarshe na Malam shi ne kaɗai hanyar da ni zan iya amincewa da sayen. A saye ta a farashin kayan gyara, a cire abin da ke da amfani a adana, a nemo lafiyayyar 'yar'uwarta ta 1969 ko 1970 daga jihohin hamada, wannan ta zama mai ba da gudummawa. Amma hakan na nufin mota biyu masu tsawon mita shida a gidan da garejinsa bai ɗauki ɗaya ba, kuma ban san abin da maƙwabta da hukumar unguwa za su ce ba.

Bakano_Columbus

Malam Tarihi, fitilun rufi biyu suna nan, kujerun masu jinya ma suna nan ko da yake ɓeraye sun yi musu aiki, tambarin Miller-Meteor na jikin madigadi ɗaya, amma jiniya dattijon ya ce tun tuni wani ya saye ta. Usta, na gwada ƙofar kamar yadda ka ce: ta dama ba ta motsa ba, ta hagu kuwa ginshiƙin ya ɗan biyo ta. Akawu, takardar tana nan, sai dai da sunan marigayi ƙanensa, ya ce lauyansu zai iya daidaita ta. Na kira shi na roƙi ƙarin mako biyu, ya amince, ya kuma sauko zuwa dala 3,000 ba tare da na taya ba, wanda ban sani ba ko alheri ne ko gargaɗi. Na tura hotuna inda aka ce in tura, ina jiran amsa. Uwargida ta ji cikakken bayani daren jiya, ta ce za ta ba ni tata amsar bayan ta ga motar da idonta.

Usta_ƘofarRuwa

Idan za ku je tare, ka tafi da maganaɗisu ka bi gefen dama da shi, daga ƙofar gaba har fitilar baya. Gefen da bai motsa ba yana iya zama lafiyayye, yana kuma iya zama an taɓa cike shi da fila an shafe da fenti tun motar na aiki. Duk inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, ka yi alama da alli, ka ɗauko mana hoto mu ƙirga.